Lacca: Ciwon da ke sa takalmi da zobe su matse babba

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna ji na? To madalla.

Yau kan akromegali za mu tattauna, sunan da wani likita Bafaranshe, Pierre Marie, ya raɗa wa ciwon a 1886. A ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wata ƴar halitta kamar ƙwayar wake, fituwitari, ita ke fitar da sinadarin girma. Wani lokaci ƙari kan fito mata, kuma ku kwantar da hankalinku, kusan duka ba ciwon daji ba ne, amma sai ya sa ta yi ta ambaliyar sinadarin nan babu birki. In yaro ne sai ya yi ta tsawo, irin ɗan kokawar nan André the Giant da ciwon zuciya ya yi ajalinsa a 1993. In kuwa babba ne ƙashi ya riga ya rufe, ba zai ƙara tsawo ba, sai dai faɗi da kauri.

Abin da ke damuna wallahi shi ne yadda yake zuwa a hankali. Magidanci yana sa takalmi lamba 42, yau ya koma 44, hula ta daina shiga, uwargida zobenta sai an sa sabulu kafin ya fita, haɓa ta turo gaba, haƙora sun buɗe, harshe ya yi kauri murya ta yi ƙasa, ga minshari ga gumi ga ciwon kai, amma mutanen gida kullum suna ganinsa sai su ce ai ƙiba ce, hutu ne. A haka wani zai shekara goma ana ba shi maganin hawan jini da na suga daban-daban, zuciya tana ƙara girma, ƙarin yana danne jijiyar ido har ya daina ganin abin da ke gefensa.

Ma'aikatan lafiya da ke nan, don Allah ku riƙa cewa a kawo tsohon hoto, ko na katin shaida ne, ku haɗa da fuskar yau. Sai gwajin jini na IGF-1, wato wani sinadari da ke hawa in sinadarin girma ya yi yawa, sannan hoton kai na MRI don a ga ƙarin.

Magani akwai. Ta hanci ake bi a ciro ƙarin, ba a fasa kai, in bai fita duka ba akwai allurar wata-wata irin octreotide, ko a gasa ƙarin da hasken radiyoterafi. Kumburin nama yana saɓewa, ƙashin da ya riga ya girma ne ba ya komawa.

Hajiya na ga hannunki a sama, bismillah.