Kafin ka zaɓi Tattalin Arziki a fom ɗin JAMB

Assalamu alaikum mutanen Sakkwato, barkanku da warhaka daga nan Malesiya. Yau da ƙannena nake, masu shirin cike JAMB, don saƙonninku kan kwas ɗin Tattalin Arziki sun yi yawa.

Bari in matso da littafin nan kusa da kyamara. Kun gani? Shafi guda cur, ba komai sai lissafi da zanen layuka. Yara da dama suna zaɓar kwas ɗin nan ne don gudun lissafi, suna zaton labarin kasuwa za a yi ta ba su. Ƙanena, in haka ne tunaninka, tsaya tukuna. Tun a JAMB sai ka rubuta Lissafi tare da Turanci da Tattalin Arzikin kansa, kuma kiredit a Lissafin WAEC ko NECO dole ne. Shekara 4 ne, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a ta jiha, kuma ƙididdiga ba ta sakinka har ka gama.

Amma wallahi akwai daɗi. Ka ɗauki albasa. Lokacin da ake cire ta a fadama buhu ya faɗi warwas, manomi ya sayar don ba shi da wurin ajiya mai kyau, ga bashin taki yana jiransa. Damina na sauka sai farashi ya tashi sama, riba ta tafi ga wanda ya iya ajiyewa. Kowa a gida ya san wannan. Abin da aji zai ƙara maka shi ne ka auna: nawa ke ruɓewa, nawa kuɗin mota ke ci, gina rumbun zai biya kansa ko kuwa? Haka in ka kalli 2023, da aka cire tallafin mai, aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta, aka kuma rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar, za ka iya bin sawun yadda kowanne ya taɓa kwanon gero.

Wani ya tambaye ni batun riba, wato kuɗin ruwa, ko akwai fannin da babu ita. Nan Malesiya sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) da bankin Musulunci babban fanni ne, Najeriya ma tun 2017 take gina hanyoyi da sukuk. Ƙofa ce a buɗe gare mu.

In lissafinka da rauni, nemi malami tun hutun nan, kada ka jira sai an ba ka gurbi. Bidiyo na gaba zan nuna muku darussan ajin farko ɗaya bayan ɗaya, in sha Allah.