Sikanin bai ga dutse ba, ciwo kuma bai daina ba: a cire matsarmama?

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar matsarmama za mu yi, maɗaciya kenan, 'yar jakar nan da ke maƙale a ƙarƙashin hanta tana tara ruwan ɗaci, in ka ci abu mai maiƙo sai ta matse ta zuba shi cikin hanji.

In sikanin ya ga dutse a ciki, magana ta yi sauƙi. Rigimar ita ce mutum na murƙususu, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, an sha maganin olsa har an gaji, sikanin kuma ya ce ƙalau.

To a nan ne ake yin hoton HIDA. Za ka zo ba ka ci komai ba kamar awa 4, a sa maka wani sinadari ta jijiya wanda kyamara ke iya bin sawunsa, hanta ta kwashe shi ta tura matsarmama, sannan a ƙara allurar CCK da ke sa ta matsewa, a auna nawa ta fitar. In bai kai kashi 35 zuwa 38 cikin 100 ba sai a ce ta yi kasala.

Amma fa kar lambar nan ta ruɗe ku. Binciken da ake yawan kafa hujja da shi wajen cire matsarmama a Adelaide ta Ostireliya aka yi shi, aka wallafa a 1991, mutum 21 kacal masu ƙarancin lambar, an yi wa 11 tiyata, 10 suka warke. Ya yi kyau, amma mutum 21 ai sun yi kaɗan. Sannan tramadol da kodin, ciwon suga, juna biyu, duk suna iya sauke lambar alhali matsarmamar lafiyarta lau. Kai ko allurar ma in aka danna ta da sauri, mai lafiya sai cikinsa ya murɗa.

Shi ya sa likitoci suka fi duba yanayin ciwon, bisa ƙa'idojin Rome IV da ƙwararrun likitocin ciki suka fitar a 2016: yana kai minti 30 ko fiye, yana zuwa ya tafi ba kullum ba, yana hana ka aiki, bahaya ko gyara kwanciya ba sa sauƙaƙa shi. In naka bai yi kama da wannan ba, ana iya cire ta ciwon na nan daram. Don haka kafin ka sa hannu a takardar tiyata, tambayi likita ko an leƙa cikinka da kyamara an duba gyambo, kuma ka faɗa masa duk maganin da kake sha.