Bututun iska mai sanyi: ƙara muka saya ko ƙarfi?

Nura: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Nura ne, ga Yaya Sani, ga Zainab. Tun ranar da na saki bidiyon nan na daƙiƙa 15 na motata, bayan na ɗaura mata bututun da ke jawo wa inji iska mai sanyi, wayata ba ta huta ba, kuma tambayar kowa ɗaya ce: motar ta ƙara gudu?

Zainab: To ka ba su amsa mana. Ta ƙara?

Nura: A kunnena dai…

Sani: Ƙanena, ba kunne aka tambaya ba. Ƙafarka me ta ji?

Nura: Tsakani da Allah, sai allurar juyin inji ta haura 4,000 nake jin ta ɗan saki jiki. Ƙasa da haka tana nan yadda take.

Sani: Madalla, gaskiyar ke nan, kuma ita nake so mutane su riƙe kafin su zare ko noti ɗaya. Injin fetur iska yake ci fiye da mai. Kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur, haka haɗin yake. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, idan zafinta ya ragu da digiri 10 nauyinta yana ƙaruwa da wajen kashi 3 cikin 100. Iska ta ƙaru, birenbos, wato kwamfutar motar, ya ƙara mai, wuta ta ƙara ƙarfi. Wannan ba ƙarya ba ne. Amma ka ɗauki ƙaramin inji mai lita 1.6 ko 1.8, irin na Civic ko Corolla, marar turbo, kashi 3 ɗin nan ƙarfin doki nawa ne? Uku ne ko huɗu, shi ma sai a can saman allura. Wanda ke fita aiki ya dawo, sau nawa yake kai allura can?

Zainab: Amma Yaya Sani, a jikin kwalin bututun ai lamba mai kauri suke rubutawa.

Sani: Suna rubutawa. Ki tambaye su a wace mota aka gwada, bonet a buɗe ko a rufe, da fanka a gabanta ko babu. Kuma abin da ake mantawa, akwatin iyakilinan, wato na matatar iska, da mota ta zo da shi, yawancinsu daga waje suke jan iska tun asali, ta bayan fitila ko ta cikin madigadi. Wato masu ƙera motar sun riga ki tunanin.

Nura: Shi ya sa ban sayi gajeren bututun ba, dogon na saya.

Sani: Ka kyauta. Gajeren nan, mai kan mazurari yana zaune kusa da inji, ni shi ne yake ɓata min rai. Mutum ya cire akwatin da ke jan iskar waje, ya dasa matata a bayan lagireto, inda fanka ke huro zafi. Ya tsaya a cunkoso minti 10, ƙarfen bututun ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. Iskar da ke shiga ta fi ta farko zafi. Birenbos yana gani, domin akwai sensa mai auna zafin iskar, sai ya ja wutar filogi baya don kada inji ya yi ƙwanƙwasa. Ka biya kuɗi ka rage wa motarka ƙarfi. In dole sai gajeren, a sa masa garkuwar da za ta raba shi da zafin inji, mai roba a baki tana manne da bonet.

Zainab: Nura, ba mu labarin yadda ka ɗaura. Ka ce awa ɗaya zai ɗauka.

Nura: Takardar ce ta ce awa ɗaya. Ni na yi kusan uku. Na fara cire kan batir, na baƙin, da sufana lamba 10. Na zare filogin sensan iska, na sassauta kilif ɗin da ke bakin totur da sukudireba, na ɗaga akwatin. To ƙarƙashinsa akwai wani tulun roba a ɓoye cikin madigadi, shi ne ya ci min lokaci. Sai da na ɗaga motar, na cire tayar gaba, na ɓalle ledar cikin madigadin, kafin hannuna ya kai gare shi.

Sani: Da jak kaɗai?

Nura: A'a, na sa mata maƙari.

Sani: To alhamdulillahi. Ci gaba.

Nura: Na zura dogon bututun ta ramin da tulun ya bari, na ɗaura matatar a ƙasa bayan bamba. Abin da na koya shi ne kada ka ɗaure komai tamau sai ka gama jera duka. Na farko na ɗaure na sama, sai na ƙasa ya ƙi zama, bututun yana gogar wata waya. Na kwance, na juya shi kaɗan kaɗan har ya zauna bai taɓa komai ba, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗaure.

Zainab: Wannan tulun da ka cire, na mene ne?

Sani: Shi ne mai haɗiye ƙara. Babu komai a cikinsa, fanko ne, amma an auna girmansa daidai da amon da inji ke yi. Kin san yadda ake hura bakin kwalba ta yi kuka? Dabarar ke nan, sai dai shi kashe kukan yake yi. Da ka cire shi…

Nura: Buuuuum!

Zainab: Ba haka take yi ba. Na shiga motar. Wooooo take yi, kamar wanda ya sa baki cikin randa.

Nura: Wannan a giya ta biyu ne. Ki saurare ta a ta uku, daga 3,000, in ka danna totur ƙasa gaba ɗaya. Akwai wani gurnani da ke fitowa daga ƙasa, ba daga baya ba, daga gaba.

Sani: Bwaaaa ne. Ku duka ba ku kama shi ba. Bwaaaa, sannan in ka ɗaga ƙafa ka ji tsss.

Zainab: Tsss ɗin ban ji ba.

Nura: Akwai shi, sai kin sauke gilashi.

Zainab: Na sauke!

Sani: Kukan salansa daban, kukan shaƙar iska daban. Na salansa maƙwabta yake damu, yana bin ka ko'ina, ko kana tafiya a hankali. Wannan kuwa naka ne kai direba. In kana tafiyarka sannu ba ka jin komai, domin bakin totur a kusan rufe yake. Sai ka buɗe shi ya amsa maka. Ni ina son sa, ba zan ɓoye ba. Tun ina yaro in na ji tsohuwar mota mai kafireto biyu tana jan iska sai in tsaya cak har ta wuce.

Zainab: Ni a doguwar tafiya ne yake gajiyar da ni. Hawan tudu, minti biyar ana wooooo.

Nura: Bwaaaa.

Zainab: Wooooo dai.

Sani: To a bar wa masu saurare su raba gardamar, bidiyon yana nan. Nura, faɗi maganar fitilar, ita ce mai amfani.

Nura: Kwana biyu da ɗaurawa, fitilar injin nan mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod. Gabana ya faɗi. Sulo ya rinƙa hawa yana sauka, in na tsaya motar tana karkarwa kamar za ta mutu. Na kira Yaya Sani, ya zo da na'urarsa ya jona, ta nuna P0171.

Sani: Ma'anarsa iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Ban ma duba ko'ina ba, na ce ya tayar da ita mu kasa kunne. Sai ga wani siririn fito daga bayan bututun. Akwai ƙaramin tiyo da ke fitowa daga murfin saman inji, mai kwashe tururin baƙin mai yana mayar da shi cikin bututu. Nura ya tura shi, amma tiyon da aka haɗo a kwalin ya ɗan fi bakin faɗi, kilif bai kama shi ba. Duk iskar da ta shiga ta wannan ɓarakar ta zagaye sensa, ba a ƙirga ta ba. Birenbos yana ba da man iskar da ya sani, alhali wadda ta shiga ta fi haka.

Nura: Tiyon da bai kai yatsa kauri ba.

Sani: Shi ne. Kuma bari in tsaya kan sensan nan, domin a nan mutane suka fi kuskure. Wata 'yar waya ce siririya a ciki, ana ɗumama ta da lantarki, iska na wucewa tana sanyaya ta, da haka ake gane yawan iskar. Ba duka iskar take aunawa ba, wadda ta ratsa ta kawai, sauran lissafi ne bisa faɗin bututun da aka ƙera ta dominsa. Ka ɗauke ta ka sa a bututun da ya fi na asali faɗi, iska ta rage sauri a kanta, ta faɗa wa birenbos ƙarya. Shi ya sa nake cewa a sayi wanda aka yi wa samfurin motarka da shekararta. K&N, AEM, Injen, duk suna yin na kowace mota daban. Wannan na kowa da kowa, da ake yanka a ɗaura, ban yarda da shi ba. Sannan tana da gaba da baya, wasu har kibiya aka zana musu. Kada yatsa ya taɓa wayar. In ta yi datti akwai feshinta na musamman, ba na kafireto ba.

Zainab: Wani mai saurare ya ce tasa motar ba ta da wannan sensan a bututu.

Sani: E, wasu motocin matsin iska suke aunawa a bayan totur. Su sun fi haƙuri da canjin bututu. Amma ƙaramin sensan zafin iska yana nan, a mayar da shi ramin da aka tanada, kada a bar shi yana lilo.

Zainab: Ni abin da ke tsorata ni shi ne inda Nura ya ce matatar take. Bayan bamba, kusa da ƙasa. In aka yi ruwa fa?

Sani: Ƙanwata, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Yayyafi ko fantsamar taya ba su ne matsala ba. Matsalar ita ce matatar ta nutse. Injin lita 1.6 a juyi 6,000, a lissafi yana jan iska lita 4,800 a minti ɗaya. Ka tsoma bakin wannan bututun a kududdufi, me kake tsammani? Zai zuƙe. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Gurbin da ke rage a saman fistin in ya kai ƙarshe bai fi cokali uku zuwa huɗu ba. Ruwa ya wuce haka, fistin ya taso ya tarar da bango. Na taɓa riƙe kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, wanda wannan ya faɗa wa a hannuna, ƙarfe mai kauri, ya lanƙwashe kamar lauje. Mai motar kuma ba gudu yake ba, ruwa ya gani a hanya ya ce zai ratsa a hankali, ta mutu a tsakiya, ya sake murza makulli. Murzawar nan ta biyu ce ta gama da injin.

Nura: Wato in ta mutu cikin ruwa…

Sani: Ka cire hannunka daga makulli. A ja ta waje, a zare filogi duka, a juya inji ruwan ya feso ta ramukan, a canza baƙin mai. Kai kuma yanzu dole ka san tsayin matatarka daga ƙasa. Ka auna da ƙafarka, in ruwa ya kai nan, ka juya. Akwai wani bawul da ake sawa a tsakiyar bututu, in ƙasa ta toshe da ruwa ya buɗe ya ja iska ta sama, akwai kuma rigar da ake sa wa matatar, amma rigar fantsama kawai take tarewa. Kuma kada ka yar da akwatinka na asali. Ka sa shi a buhu da notinansa, ranar da za ka sayar da motar ko ka shiga lokacin ruwa mai yawa za ka neme shi.

Nura: Yana nan, har tulun.

Zainab: Saura maganar wanke matatar da shafa mata mai, da wanda ya tambaya daga Amurka ko doka ta yarda a ɗaura bututun.

Sani: Na Amurka, in a Kalifoniya yake, ya duba bututun yana da lambar izinin hukumar CARB mai kula da tsabtar iska a jihar, in babu ba zai ci gwajin hayaƙi ba. Mai sabuwar mota kuma ya karanta takardar garantinsa tukuna. Maganar mai kuwa doguwa ce, domin in ka cika shi yana bin iska ya shafe wayar sensan nan, kuma matatar auduga ba ta kai ta takarda tare ƙura ba, wanda ke bin hanya mai ƙura ya…

Nura: Yaya Sani, an ɗaga mana hannu, lokaci ya ƙare.

Sani: Minti biyu kawai.

Zainab: Ko rabi babu. Mu ɗauke ta mako mai zuwa. Nura, ka zo da matatar mu ga yadda ta koma.

Nura: Zan zo da ita. Sai mun ji daga gare ku, a faɗa mana wooooo ne ko bwaaaa. Mu kwana lafiya.