Sharhi: Haidurojin da Buhun Takin Manomin Gombe

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A 'yan shekarun nan, da wuya a tashi taron sauyin yanayi ba a ambaci iskar haidurojin ba, wai ita ce za ta gaji fetur. Yadda take aiki ba wani boyayyen abu ba ne. Ana sa wutar lantarki ta raba ruwa gida biyu, haidurojin da oksijin. Sai a ɗura haidurojin a tulun ƙarfe, in buƙata ta taso a tura ta cikin na'urar fiyul sel, ta sake haɗuwa da oksijin, lantarki ya fito. Motar da ke aiki da ita ruwa ne ke ɗiga daga salansarta, ba hayaƙi ba. Fasahar ma ta kwana biyu: tun 1839 William Grove ya gwada ta a Birtaniya, ita ta ba kumbunan Apollo na Amurka da suka je duniyar wata wuta, a 2014 kuma Toyota ya fara sayar da motarsa Mirai.

To amma fa haidurojin randa ce, ba rijiya ba. Abin da ka zuba shi za ka ɗiba, shi ma da ragi. Kilo ɗaya na cin lita 9 na ruwa da wajen kilowat-awa 50 na wuta, kuma kafin a sake mayar da ita lantarki, fiye da rabin wutar ya salwanta. Madatsar Dadin Kowa megawat 40 take bayarwa. Mai walda a Jekadafari da ke zaune kan benci, janareta a kashe saboda tsadar mai, yana jiran a kawo wuta, da wane baki za a ce masa a ɗebi wannan 'yar wutar a yi iskar mota? Ga gidaje da Keke Napep, sola da batir sun fi araha nesa ba kusa ba.

Inda maganar ta shafe mu shi ne gona. Farin takin yuriya da manomin masara ke barbaɗawa a Kaltungo ko Dukku, da haidurojin ake yin sa: a haɗa ta da naitirojin a sami amoniya, daga nan sai yuriya. Yau daga iskar gas ake tatso mafi yawan haidurojin ɗin, aikin da ke fitar da hayaƙi mai yawa, kuma manyan masana'antunmu na taki suna Legas da Fatakwal. Buhu sai ya ratsa ƙasar nan a tirela kafin ya iso kasuwar Gombe, kuɗin dizal kuma a wuyan manomi.

Rana muna da ita har ta yi yawa, ruwan Gongola ma ga shi nan, wato za a iya raba ruwan da wutar sola a sami haidurojin ɗin yin taki. Da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Gombe da Bauchi, a Nuwamban 2022, an ce shirin ya haɗa da masana'antar taki. Tunda Najeriya ta yi alƙawarin daina ƙara hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2060, ya kamata wakilanmu na Gombe da Bauchi su tambayi inda aka kwana kan masana'antar, da kuma ko an ware wa hasken rana gurbi a cikinta.