Gidan Gamble: bangalon da aka gina da katako a 1908

Ku dubi bakin rufin nan, yadda ya miƙo waje ya yi wa bango laima. Wannan shi ne Gidan Gamble da ke garin Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka. An fara gina shi a 1908, aka kammala a 1909. 'Yan'uwa biyu, Charles da Henry Greene, su suka zana shi, tun daga harsashi har kujeru, fitilu da dardumomin cikinsa.

Kalmar bangalo daga yankin Bengal ta samo asali, gida mai faɗin baranda da inuwa, irin wanda Turawan mulki suka gina a unguwannin GRA na Kaduna da Kano. Wannan dai ya fi su girma nesa ba kusa ba, har da bene.

Masu gidan su ne David Gamble, ɗan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Procter & Gamble, da matarsa Mary. Mutanen Cincinnati ne, suna zuwa nan don gudun tsananin sanyin garinsu. Shi ya sa aka yi baranda uku a sama, kowacce haɗe da ɗakin kwana, don mutum ya kwana a iska.

Yanzu mu shiga ciki. Bangon zaure katakon tik ne, wasu ɗakunan kuma mahogani, ɗan'uwan maɗaci. Ku lura da kusurwoyi: an saƙa katako cikin katako kamar yatsun hannu biyu, an goge kowane kaifi har ya yi santsi. Waɗannan 'yan turakun da ke leƙowa, mafi yawansu murfi ne, a ƙarƙashinsu akwai sukuru. Aikin kafintoci Peter da John Hall ne. Ƙofar shiga kuwa gilashi ce mai launi da siffar bishiya, kuma idan hantsi ya bugo ta, zauren gaba ɗaya yakan yi ruwan zinare.

Inda gidan ya samu matsala shi ne kawunan katakon rufin da aka bari a fili don ado. Katako ya fi shan ruwa ta inda aka yanke shi. Ruwan sama ya shiga, rana ta busar, ya tsage, ruwa ya ƙara samun hanya, sai ruɓewa ta bi ciki alhali waje na nan kamar lafiya. A gyaran da aka kammala a 2004, ba a sare su an zubar ba. An ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin, aka cike da gam ɗin efoksi, aka sassaƙa shi ya dace da asalin katakon.

David ya rasu a 1923, Mary a 1929. 'Yar'uwarta Julia Huggins ta ci gaba da zama a gidan. A 1946 Cecil, ɗan David da Mary, da matarsa Louise suka tare, har suka yi niyyar sayarwa, sai suka ji masu saye na shirin shafa wa katakon ciki farin fenti. Nan take suka fasa. A 1966 iyalin suka miƙa gidan ga birnin Pasadena, tare da yarjejeniya da Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma har yau ana buɗe shi ga masu ziyara.