Kifin Yawuri da Kofin Kokon Yaro

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan abin da yaran jihar Kebbi ke ci ne.

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa bakin ruwa a Yawuri ya san yadda wurin yake. Jirage na isowa da tarwaɗa da karfasa, mata sun hura wuta suna banda, 'yan dako na ɗaure kwalaye ana lodi za a yi Kudu. Can gefe a kan tabarma ga ɗan mai bandar, bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, riƙe da kofin koko tsinkakke, ba gyaɗa ba madara. Shi ne karin kumallonsa, sau da yawa kuma shi ne abincin ranarsa. Kifin da uwarsa ta wuni tana juyawa na sayarwa ne, ba ya taɓa bakinsa.

A idon 'yan Najeriya Kebbi rumbu ce. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a 2015, shekara guda bayan haka shinkafarmu ta shiga kasuwannin Legas da sunan Lake Rice. Albasar Aliero ta zaga ƙasa, bikin kamun kifi na Argungu kuwa tun 1934 ake yinsa. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A lokacin babu jihar da ta kai mu, alhali ƙasar baki ɗaya tana kashi 37. Wallahi wannan lissafi yana ci mini rai.

Akwai talauci, akwai tsadar kaya, akwai ambaliyar da ke cinye fadama. Ba mu musanta ba. Sai dai wani ɓangare na matsalar a cikin gidajenmu yake.

Ginin jikin mutum da ƙwaƙwalwarsa ana aza shi ne a kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a maido shi. Cikin yaro ɗan ƙarami ne. Idan aka cika shi da ruwan koko zai yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, nan kuwa jikinsa bai samu abin gina tsoka da jini ba. Tun ranar haihuwa ma ake fara asarar, inda wasu ke matse dakashi su zubar wai ƙazanta ne, bayan shi ne rigakafin farko na jariri. Wata shida na farko nono zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, ko da a zafin bazara ne.

Yanzu gare ku iyaye maza. Malam, kai ne da magariba ke zama wurin mai shayi a soya maka ƙwai biyu, ka biya ta wurin mai tsire, sannan ka iso gida ka tarar an tuƙa tuwo da miyar kuka wadda ba ta ga kifi ba. Har yau akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata, maganar da ba ta da tushe ko kaɗan. Ƙwan nan guda ya fi amfani a cikin ɗanka mai wata tara. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora ciyar da mai shayarwar a wuyan uba.

Gyaran ba ya buƙatar kayan kanti. Ma'aikatan lafiya na koya wa mata haɗin garin kunu: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A dama shi da kauri, yadda zai zauna a cokali. A cire ƙayar busasshen kifi a daka, a barbaɗa cokali guda. In da zogale a bayan gida a shanya shi a inuwa a ƙara, a ɗiga manja.

Wanda kuma ya ga ɗansa na ramewa, gashi ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafu sun kumbura har in an danna yatsa wurin ya lotsa, to tamowa ce, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi asibiti mafi kusa a auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ranar ya kamata a fara yi masa magani.