Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Abrams da tankar yaƙin Amurka ta ci sunansa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram. Ya ce tun da Amurka ta ba Yukren tankokin yaƙi 31 samfurin Abrams a 2023 yake jin sunan a labarai, shin sunan kamfani ne ko na wanda ya ƙera ta?

To Malam, ba kamfani ba ne, ba kuma injiniya ba. Sunan soja ne, Janar Creighton Abrams, wanda bai ma ga tankar ba, don ya rasu a 1974, ita kuwa sai 1980 ta shiga aiki.

An haife shi ranar 15 ga Satumba 1914 a Springfield, jihar Massachusetts, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1936, kuma a kan doki ya fara aiki, cikin rundunar mahaya, kafin a 1940 a maida shi wajen tankoki.

Sunan da ya yi, a Yaƙin Duniya na Biyu ya yi shi, yana Laftanar Kanar mai jan bataliya ta 37 ƙarƙashin Janar Patton. Tankokinsa Sherman ne, waɗanda gaba da gaba ba sa iya karawa da Panther ta Jamus, don ta fi su bindiga ta fi su sulke. Dabararsa ita ce sauri da zagaye. A Arracourt ta Faransa, cikin Satumban 1944, hazo ya rufe ko'ina, nisan harbin Jamusawa bai yi musu rana ba, mutanen Abrams suka riƙa ɓullo musu ta gefe inda ƙarfen ya fi sirara. Shi kansa ba daga tanti yake ba da umarni ba. Yana can gaba cikin tankarsa mai suna Thunderbolt, kai a waje, taba a baki. A nan ya sami lambar bajinta ta Distinguished Service Cross ta farko.

Ta biyu ta zo ne ranar 26 ga Disamba 1944. Jamusawa sun yi wa sojojin lema na runduna ta 101 ƙawanya a garin Bastogne na Beljiyam, ga dusar ƙanƙara, ga harsashi da magani sun ja baya. Umarnin da ke hannun Abrams shi ne ya fara kama ƙauyen Sibret kafin ya nufi Bastogne. Da ya dubi ragowar tankokinsa, kusan 20, ga yamma ta yi, sai ya ga in ya tsaya can zai ƙare ƙarfinsa a banza. Ya yanke ya ratsa ta ƙauyen Assenois kai tsaye zuwa Bastogne. Kafin duhu tankarsa ta gaba ta haɗu da mutanen da aka tsare. Da abin ya ɓaci, da sunan mai saɓa umarni za a tuna shi.

A ganina aikin da ya fi masa wuya shi ne wanda ba a cika yabonsa a kai ba. A 1968 ya karɓi jagorancin sojojin Amurka a Biyetnam daga Janar Westmoreland, abokin karatunsa, lokacin da Amurkawa sun gaji da yaƙin. Aka ce ya ci gaba da faɗa yana kuma kwashe sojoji, daga sama da 540,000 a 1969 zuwa 49,000 a tsakiyar 1972. Nasara dai ba ta samu ba, kuma luguden bama-bamai da shiga Kambodiya a 1970 duk a zamaninsa aka yi.

A 1972 ya zama Babban Hafsan Sojojin Ƙasa, ciwon dajin huhu ya kashe shi yana kan kujerar ranar 4 ga Satumba 1974. 'Ya'yansa maza uku duk sun kai janar.

Malam, da fatan ka gamsu. Sai wasiƙa ta gaba.